Haƙoran Jussara

Shekara ashirin da uku ke nan ina sakatariya a hawa na goma sha ɗaya, a wani ƙaramin banki da ke titin Faria Lima, inda bankunan garin nan suka taru, kuma ban taɓa ganin inda haƙori ke ciwo kamar nan ba. Da zarar an raba kyautar shekara a watan Fabrairu, sai ciwon ya sauko wa yaranmu kamar annoba. Wannan ya zo ya ce, "Dona Zuleica, rubuta mini likitan haƙori ranar Talata ƙarfe uku." Wancan ya ce Laraba. Ni ke riƙe da jadawalin kowa, sai in rubuta in ja bakina in yi shiru. Na san inda za su. Intabiyu suke zuwa a wani bankin, kuma kowa ya sani, har shugabanmu Seu Otávio, don shi ma ta hannun likitan haƙori ya zo mana. Abin da ba a yafewa shi ne a kama ka dumu-dumu. Wanda aka tabbatar yana neman wani wuri ba a korarsa. Sai dai a daina ba shi aikin kirki, ya zauna yana gyara wa wasu rubutu har ya gaji ya tafi da ƙafarsa.

Jussara Pimentel ce ta ƙarshe da na yi zaton za ta kamu da wannan ciwo. 'Yar Itaquera ce, unguwar talakawa can bayan gari, babanta Seu Adelino direban bas, mamarta tana ɗinka wa 'yan makaranta kaya. Jirgin ƙasa biyu take hawa kafin ta iso ofis, amma kullum tana riga kowa. Sauran yaran duk makaranta ɗaya suka yi, iyayensu sun san juna, da rana su zura 'yan rigunansu marasa hannu su tafi cin ɗanyen kifi. Ita kuwa sai ta ciro kwanonta na shinkafa da wake ta ɗumama a kicin tare da mu masu shara da amsa waya. A nan na san ta. Yarinya ce da ke duba abu sau uku kafin ta aika, bayan ta aika kuma ta sake buɗewa ta duba. Babu murfin biron da ya tsira a teburinta, duk ta tauna su.

Aikinmu dillanci ne, sai dai kamfanoni muke sayarwa. Ƙaramin ma'aikaci kuma ba a auna shi da wahalar da ya sha, da cinikin da ya faɗa ake auna shi. Duk lokacin da aka kammala ciniki ana yin wani ɗan kambun gilashi mai sunayen kamfanonin, kowa da ya yi aikin a ba shi ɗaya ya ɗora a tebur. Ni nake sa a yi su. Caíque, wanda suka shigo rana ɗaya da Jussara, yana da huɗu, ya jera su kamar kwalaben turare. Jussara ba ta da ko ɗaya. Ciniki biyar ta yi a shekara uku, duka biyar suka mutu a hanya: wannan mai saye ya janye, wancan 'yan'uwa suka yi faɗa, wani kuma kotu ta hana. Ba laifinta ba ne, amma a titin nan ba wanda ke tambayar laifin wa.

Na shida shi ne Aikin Gwanda. Kowane ciniki muna laƙaba masa sunan ɗan itace, don kada a gane in bakin wani ya suɓuce a cikin lif. Wani kamfanin kaji ne a jihar Paraná da ke kudu, na wani tsoho da 'ya'yansa. Wata goma sha ɗaya Jussara ta yi a kansa. Sau huɗu ta je can, ta sa takalmin roba ta shiga mayanka, ta dawo ta yi mako biyu ba ta cin kaza. Tsohon ya saba da ita har yana kiranta a waya ya tsallake Seu Otávio. Mutum huɗu kawai a bankinmu suka san cewa tsohon ba shi da lafiya, yana so a gama kafin Kirsimeti ko da farashi zai sauka. Jussara na cikinsu. Ni ce ta biyar, don ni nake ɗage masa taro duk ranar da zai je asibiti.

Wata Litinin a watan Agusta ta tsaya a gaban teburina tana murza yatsu.

"Dona Zuleica, ranar Alhamis ƙarfe huɗu."

"Me zan rubuta?"

"Likitan haƙori."

Na cire tabarau na dube ta. "Ke ma, 'yar nan?"

A kicin ta ba ni labari. Babban bankin da ke tsallaken titi, wanda muke kira Gidan Gilashi, yana neman ƙaramin ma'aikaci ɗaya mai shekara uku a aiki. Ba ƙarin girma ba ne, matsayinta ne na yanzu, amma a gidan da ciniki ba ya yankewa. Sau biyu Seu Otávio ya yi mata alkawarin ƙarin girma, sau biyu ya ce ta jira sai ta kammala wani abu.

Na ce, "To ki jira mana. Wata huɗu ya rage a gama Gwanda. Ki karɓi gilashinki ki je musu da shi a hannu."

"Gurbin ba zai jira ni ba. Kuma biyar sun mutu, Dona Zuleica. Wa ya ce miki na shida zai rayu? Shekarata ashirin da bakwai. Baɗi cewa za su yi na tsufa a ƙaramin matsayi, su ɗauki wanda ya fito makaranta jiya."

Gaskiya ta faɗa, kuma na ji haushin gaskiyar.

Intabiyu shida suka yi mata a cikin mako bakwai, ni kuwa na zama abokiyar laifi. Takalminta mai tsini da baƙar kwat ɗinta a durowata suke kwana, don in ta shigo ofis da kwat ranar da ba baƙi, daidai yake da ta rataya allo a wuya. Ta zuba su a jakar kanti, ta sauka, ta canja a bayin gidan burodin da ke bayanmu. Ba ta tsallaka titi kai tsaye, saboda tagar Seu Otávio na kallon ƙofar Gidan Gilashi. Sai ta zaga layi uku ta ɓullo ta wurin ajiye motoci. Tafiyar minti biyu ta zama ta minti ashirin da biyar, ta isa tana gumi.

A karo na uku Caíque ya fara tsokanarta.

"Jussara, haƙora nawa ne a bakin nan naki? Ko kada ce ke ba mu sani ba?"

"Ka ji da naka bakin, ɗan gata."

"Ba ni lambar likitan mana. Nawa ma na ɗan motsi."

"Naka babanka zai kira a gyara maka a gida."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Duk wayar da ta shigo wa Seu Otávio sai ta ɗaga kai. In ya rufe ƙofarsa sai ta kalle ni, ni kuma in girgiza mata kai alamar ba maganarta ba ce, alhali ni ma ban sani ba. Ta rame. Ta ce mini da safe takan farka muƙamuƙinta ya ƙage, mamarta ta ce daga ɗaya ɗakin tana jin ƙarar haƙoranta.

Gwajin lissafi da suka ba ta bai dame ta ba, a awa biyu ta gama na awa uku. Tambaya ɗaya ce ke kashe ta, kuma kowannensu sai ya yi ta: "Ba mu labarin ciniki ɗaya da kika yi, daga farko har ƙarshe." Labarin da take da shi mai kyau shi ne Gwanda, kuma haramun ne a yi maganarsa kafin ya fito a jarida. Sai ta ɗauko labarin cinikin wani kamfanin takalma da ya mutu shekara biyu da suka wuce. Ta ce tana kaiwa wurin da cinikin ya watse, sai mai tambayar ya duba agogo.

Intabiyu na shida da babbansu ne, Seu Anselmo Ferraz. Ranar ta dawo ko takalmin ba ta canja ba, ta wuce kicin kai tsaye. Na bi ta na rufe ƙofa.

"Ya aka yi?"

"Mutumin kirki ne. Shi ya haɗa mini kofi da kansa. Ya tambaye ni aikin Baba, ya ce kakansa ma direba ne."

"Duk kakanninsu direbobi ne ranar intabiyu. Sai me?"

"Ya ce me nake yi yanzu. Na ce wani aiki ne a harkar abinci, ba zan iya cewa komai ba. Ya ce madalla, haka ake so. Sai ya jingina ya ce, 'Ba suna nake tambaya ba. Ni dai na san tsofaffin kudu da taurin kai. Naki yana da lokaci, ko sauri yake yi?'"

Ta dube ni. "Dona Zuleica, ban ce kudu ba. Ban ce tsoho ba."

Na ce, "Me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba."

"To ai shi ke nan."

"Ba ki gane ba. Shiru na yi. Ya kamata in yi dariya in ce ban san me yake nufi ba. Sai na tsaya ina kallonsa kamar an dasa ni. Na ga ya yi murmushi. Ina jin fuskata ta faɗa masa."

Na ce mata fuska ba ta magana. Na faɗa ne don ta samu ta ci abinci, amma na daɗe a titin nan, na san mutanen da fuska kawai suke karantawa su ci abinci da ita.

Litinin da safe aka aiko mini da jerin baƙin da za su zo ranar Alhamis, don in ba masu gadi sunayensu. Wani sabon mai saye ne ya shigo neman kamfanin kajin, zai zo da bankin da ke ba shi shawara. Na karanta suna na uku sau biyu. Anselmo Ferraz ne. A irin wannan taro Jussara ce ke zama a ƙarshen tebur tana rubuta abin da aka ce.

Na buga takardar na kai mata a kicin. Ta karanta, ta zauna a kan kujerar roba.

"Don haka suka kira ni ke nan," in ji ta. "Intabiyu shida."

"Wataƙila. Wataƙila kuma da gaske suna son ki, shi ne kawai ya ga dama ta samu."

"Wanne ya fi?"

Na karɓe takardar daga hannunta. Na ba ta shawarar da har yau ban san ko mai kyau ba ce. Na ce ranar Alhamis ta kira ta ce zazzaɓi. Na ce mutumin ba zai tona ba, don shi ma abin kunya ne a gare shi. Na ce ta rufe bakinta ta gama aikinta ta karɓi gilashinta, wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne.

"Mako mai zuwa zai sake zuwa, Dona Zuleica. Ba zan yi ta zazzaɓi har Kirsimeti ba. In ya ce 'Sannu Jussara' a gaban Seu Otávio fa? In tayinsu ya zo ƙasa, tsohon ya tambaya wa ya faɗa musu?"

"In kika faɗa da bakinki, cire ki za su yi."

"Na sani."

Kwana biyu tana kai-kawo da abin a ranta. Talata ta tashi sau uku ta nufi ofishin Seu Otávio, sau uku ta karkata zuwa bayi. Ta aika wa tsohon wasiƙa ta manta ba ta haɗa takardar ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ni ma na zuba wa wani baƙo gishiri a kofi. Laraba ƙarfe tara ta shiga ta rufe ƙofa. Bangon gilashi ne, ina ganin bayanta, ina ganin fuskarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi. Ya dai cire tabarau ya murza ido. Minti goma sha ɗaya suka yi, na duba.

Daga baya ta maimaita mini yadda suka yi. Ta faɗa masa komai, intabiyun da kuma tambayar da Seu Anselmo ya yi mata. Ya ce, "Me kika faɗa masa?" Ta ce ba ta faɗa komai ba. Ya ce, "Na yarda da ke. Wallahi na yarda. Amma in tsohon ya tambaye ni, ba zan iya rantse masa ba." Sannan ya ce da ta zo ta gaya masa tana son tafiya, da shi da kansa zai kira mata mutane. Da ta kawo nan na yi tsaki. Shekara goma sha huɗu ina masa aiki, ban ga wanda ya kira wa ko mai tasi ba.

Kafin azahar an rufe mata duk takardun Gwanda a kwamfuta. Aka ce ta miƙa wa Caíque littafin rubutunta. Yaron, duk da iskancinsa, bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce, "Ban nema ba fa." Ta ce, "Na sani. Shafi na ƙarshe akwai sunayen jikokin tsohon. Ka riƙa tambayarsa su, yana jin daɗi."

Ranar Alhamis ni na tarbi baƙin a bakin lif. Hanyar ɗakin taro ta gaban teburin Jussara take bi. Ta miƙe zaune, ta kafe ido a kan kwamfuta, kunnuwanta sun yi ja. Seu Anselmo ya zo daidai wurin, ya tsaya, ya dube ta, ya ce, "Baiwar Allah, ina ne bayi?" Ta nuna masa da hannu. Ya gode ya wuce. Na zuba masa ido sosai, kuma na iya kallon mutane. Ko dai gwanin wasan kwaikwayo ne, ko kuwa bai gane ta ba sam. Na fi zaton na biyun, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Da ta bi shawarata, wataƙila da ba abin da ya faru. Ita ma ta yi wannan tunanin, na gani a fuskarta, amma ba mu taɓa yin maganar ba.

Gidan Gilashi ba su sake kiranta ba. Ko wasiƙar ban haƙuri ba su aiko ba. Tayin farko da mai sayensu ya kawo ya zo ƙasa ƙwarai, kamar na wanda ya san ana sauri. Wasu suka ce haka kowa ke farawa. Jussara ta ji labari a bakin kicin, ta ajiye cokali ba ta ƙarasa abincin ba. Har yau ba wanda zai iya ce mata fuskarta ce ko ba ita ba.

An sa hannu ranar goma sha tara ga Disamba, da wani mai sayen daban. Gwanda bai mutu ba. Seu Otávio ya ba ni jerin waɗanda za a yi wa gilashi, mutum tara. Na karanta na koma ofishinsa.

"An manta suna ɗaya."

"Ba a manta ba, Dona Zuleica. Na waɗanda ke kan aikin ranar sa hannu ne. Ba ni na kafa dokar ba."

"Caíque wata biyu ya yi. Ita goma sha ɗaya."

"Na sani. Ki sa a yi tara."

Na sa aka yi tara. Ranar da suka iso ni na bi tebur-tebur na raba, na tsallake nata da kwali a hannu. Caíque ya saka nasa a durowa, bai jera shi da sauran ba. Wannan kaɗai na riƙe masa a matsayin alheri.

Tana nan har yanzu. Ba a kore ta ba, kamar yadda na faɗa, ba a kora. Tana gyara wa wasu rubutu, tana duba shi sau uku. Da Fabrairu ya zagayo ta je intabiyu biyu a wasu wuraren. Yanzu Gwanda ya fito a jarida, an halatta mata maganarsa. Ta ce ta ba su labarin mayanka da tsohon da yadda ta tsara farashi, suna ta gyaɗa kai, har suka ce, "To, ranar ƙarshe fa? Ya aka daidaita?" Ta ce ba ta nan. Suka ce me ya sa. Ta faɗa musu gaskiya, suka rubuta wani abu a takarda.

Makon jiya ta tsaya a gaban teburina.

"Dona Zuleica, yau ƙarfe uku. Likitan haƙori."

Na jawo durowa zan ciro mata takalmin. Ta girgiza kai, ta juyo mini da kumatunta na hagu. Ya kumbura suntum. Turmin haƙorinta ne ya tsage biyu tana barci, cirewa za a yi. Daidai lokacin Seu Otávio ya zo wucewa, ya ji, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," bai ko tsaya ba.

Akwai sauran rabin awa kafin ta tafi. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta dafe kumatu.

"Ke kika kai musu kofi ranar sa hannu, ko?"

"Ni ce."

"Tsohon ya zo?"

"Ya zo. A keken asibiti, 'yarsa na tura shi."

"Faɗa mini yadda aka yi. Wa ya zauna ina, me ya ce."

Na dube ta. Ta gane abin da nake tunani.

"Ba don intabiyu ba ne. Ba zan ce ina wurin ba. So nake kawai in san yadda ya ƙare."

Sai na faɗa mata. Na ce an yi awa uku ana jan magana a kan gidan gonarsa na farko, ya ce ba ya cikin cinikin, aka bar masa. Na ce hannunsa na rawa, sai da 'yarsa ta riƙe masa takardar. Na ce ya ƙi biron zinariyar da Seu Otávio ya miƙa masa, ya ciro nasa na roba daga aljihu. Akwai abu ɗaya da na yi niyyar ɓoyewa, amma ta tsare ni da ido. Na ce da ya gama ya dubi teburin gaba ɗaya ya ce, "Ina yarinyar nan mai takalmin roba?"

"Me aka ce masa?"

"Caíque ya ce kin je wurin likitan haƙori."

Ta tashi ta ɗauki jakarta, ta ce in an neme ta za ta dawo kafin biyar, akwai rubutun da za ta gyara.